Koren Zaitun Ba Ya Kyau Shi Kaɗai: Kira Ga Teloli Da Masu Fenti Da 'Yan Jere

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da wasu za su ɗauka ƙarami ne, alhali kuwa dukiya mai yawa tana salwanta a dalilinsa a shagunan teloli da ɗakunan amare. Maganar ita ce ta koren zaitun, wato koren nan mai duhu-duhu da ya karkata zuwa rawaya da ruwan ƙasa, wanda a kasuwa wasu ke kira kalar sojoji. A 'yan shekarun nan ya shiga gari ƙwarai, har ana ganinsa a shadda da yadin maza, a leshi da mayafi da abaya, a kujerun falo da labule da fentin bango. Sana'ata ita ce ɗinkin labule da jeren ɗakin amare, kuma ina fitar da kayan anko ga masu biki, saboda haka kullum ina cikin ganin yadda ake sayen wannan launi da murna, sannan a dawo ana cewa ba shi aka gani ba.

Abin da nake son faɗa shi ne, koren zaitun ba ya tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai. Kyansa da muninsa suna hannun abu biyu, wato launin da aka ajiye kusa da shi da hasken da ya faɗa masa, kuma launukan da suka fi dacewa da shi ba sai an tsallaka teku an nemo su ba, domin suna nan cikin kayan da iyayenmu suka daɗe suna amfani da su.

Duk mai fentin da ya san aikinsa ya san yadda ake haɗa shi. Ana ɗiga baƙi kaɗan a cikin rawaya, ko kuma a ɗiga ja a cikin kore har kaifin koren ya mutu. Ke nan a cikinsa akwai rawaya, akwai ɗigon ja, akwai duhu, kuma wannan ne ya raba shi da koren da idonmu ya saba da shi. Mu mutane ne masu son kore, kuma muna da dalili. Alƙur'ani mai girma ya siffanta tufafin 'yan Aljanna da kore a Suratul Kahfi aya ta 31 da Suratul Insan aya ta 21, kubbar Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, koriya ce tun 1837, kuma tutar Nijeriya da aka ɗaga ranar 1 ga Oktoban 1960 kore ce da fari, haka ma akwai kore a tutar Nijar. Amma duk waɗannan kore ne mai haske da tsabta, wanda fari tas yake ƙara wa kwarjini. Kuskuren farko da ake yi shi ne a ɗauka cewa abin da ya dace da koren tuta zai dace da koren zaitun, ko ma a haɗa su biyun a jiki ɗaya da sunan ai duk kore ne. Da zarar an ajiye koren zaitun kusa da kore shar, sai ya koma kamar tsohon yadin da ya sha wanki ya dafe, ko da kuwa jiya aka yanko shi daga bandir.

Wannan ba zargin ido ba ne kawai, abu ne da masana suka daɗe da tabbatarwa. A shekarar 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai mai suna Michel Chevreul shugaban sashen rini na ma'aikatar saƙa ta Gobelins da ke birnin Paris a Faransa, inda ya tarar ana ta ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya fita baƙi sosai a jikin saƙa. Da ya bincika sai ya ga rinin ba shi da aibi, launukan da aka saƙa kewaye da baƙin ne suke sa ido ya gan shi daban, kuma a 1839 ya wallafa abin da ya gano, cewa kowane launi yana tura maƙwabcinsa zuwa ga kishiyarsa a idon mai kallo. Koren zaitun yana cikin launukan da wannan ƙa'ida ta fi shafa, saboda yana tsakanin kore da rawaya da ruwan ƙasa ne, ko'ina aka tura shi sai ya tafi. Kusa da ja ko ruwan hanta korensa ne yake fitowa. Kusa da shuɗi rawayarsa ce take fitowa, ya yi ɗumi. Kusa da kore mai kaifi kuwa ruwan ƙasarsa ne yake fitowa, shi ne dattin da ake gani. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya huta da rabin asarar da nake magana a kai.

Dangin launin da na fi amincewa da su a gefensa su ne na jar ƙasa, tun daga ruwan makuba da ruwan goro mai duhu har zuwa ruwan hanta. Kowace mace ta taɓa ganin wannan haɗi a tafin hannunta, domin garin lalle idan an kwaɓa shi koren zaitun ne sak, kuma idan aka ɓare shi abin da yake bari a fata ja ne mai ruwan ƙasa, kuma ban taɓa jin wadda ta ce launukan nan biyu sun yi faɗa ba. A ɗaki, wannan dangi yana nufin katako mai ja-ja irin na maɗaci, da tum-tum na jar fata irin wadda dukawa suke rinawa da karan dafi, da tukunyar ƙasa da aka dasa fure a ciki, da darduma mai jan fili irin wadda alhazai suke tsaraba da ita. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin da fatake suke ratsa Sahara da ita har ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko, kuma dukawanmu sun daɗe suna ɗora ƙyallen koriyar fata a kan ja a jikin jaka da matashi da kuben takobi. Abin yana ba ni takaici in ga an kashe kuɗi masu yawa a kan kujeru masu koren zaitun, sannan an cika su da matasai masu ƙyalƙyali na roba da aka shigo da su, alhali a Kasuwar Kurmi akwai matashin fata na hannu da zai fi su dacewa nesa ba kusa ba, kuma kuɗin zai shiga aljihun ɗan gida.

Na biyu a wurina shi ne ruwan madara da duk farin da ya ɗan sirka da rawaya. A nan ma ana yawan tuntuɓe, domin mu a wurinmu fari shi ne wanda ya sha bula har yana ɗaukar ido, kuma irin wannan farin mai shuɗi-shuɗi yana tona duhun koren zaitun, ya sa shi ya zama kamar bai wanku ba. Ruwan madara kuwa yana da rawayar da ke cikin koren, sai su zauna lafiya. Namijin da ya ɗinka kaftanin shadda mai koren zaitun, idan aka yi masa aikin wuya da zare ruwan madara ko ruwan tsamiya, ya ɗora hular Bama ko zanna mai fili ruwan madara da ɗigon ruwan hanta, ya sa takalmin fata ruwan ƙasa, to ya gama shiri, ko ɗaurin aure ne ko sallar Idi. Amma idan aka yi aikin da farin zare tas mai sheƙi, aikin ne kaɗai ake gani daga nesa, rigar ta ɓace.

Sai shuɗi mai duhu, irin na baba, wanda shi ne launin da Kano ta yi suna da shi. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, har yau ana rini a cikinta, kuma rawanin ɗan Kura da turkuɗi sanannu ne ga kowane Bahaushe ko Buzu. Masu ɗinkin babbar riga na da sun san darajar kore a kan shuɗi, shi ya sa ake samun rigar saƙi da aka yi wa aska takwas da koren zare, sannan aka yi mata shafi da jan alharini a bakin ƙasa, wanda sai mai ita ya ɗaga hannu ko ya taka ake hangowa. Wannan tsari na launi uku, shuɗi mai yawa, kore matsakaici, ja ɗan kaɗan a ɓoye, ya fi duk abin da nake gani a hotunan waya hikima, kuma ana iya juya shi, a sa koren zaitun ya zama mai yawan, shuɗin baba ya biyo, jan ya zo a ɗigo. Masu tsara ɗaki na zamani suna da wata ƙa'ida da suke koya wa almajiransu, cewa babban launi ya ɗauki kashi 60 cikin ɗari, na biyu kashi 30, na uku kashi 10, kuma ita ce dai abin da waɗancan dattawa suka yi da allura ba tare da sun ƙidaya ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai wasu launukan da ba sai na tsawaita a kansu ba. Ruwan hoda mai laushi yana yi wa koren zaitun kyau ƙwarai a mayafi da ɗankwali, musamman ga 'yan mata, matuƙar ba mai kaifin nan ba ne da ke ihu. Ruwan ɗorawa da ruwan zuma 'yan uwansa ne na jini, sai dai idan suka yi yawa komai ya koma rawaya. Ruwan toka yana karɓarsa idan tokar mai ɗumi ce, amma tokar siminti mai sanyi tana kashe shi. Gwal da tagulla sun fi azurfa dacewa da shi, ko a sarƙa da ɗankunne, ko a marikin ƙofa da sandar labule, kuma tiren tagulla na aikin Bida a bangon da aka yi wa wannan fenti abin kallo ne. Gwal ɗin dai ya zama ɗan kaɗan, domin kujerun nan masu sassaƙa da aka shafe gaba ɗaya da ruwan gwal suna danne duk wani launi mai kunya da aka haɗa su da shi.

Baƙi kuwa yana bukatar a tsaya a kansa, domin nan ne maganar ta wuce ado ta shiga tsaro. Mutane ba su kira wannan launi kalar sojoji a banza ba. Tun Yaƙin Duniya na Biyu rundunoni da yawa suka rungumi kore mai duhu saboda yana saje da daji, kuma sojojin Ingila da suka yi yaƙi a dazukan Boma, inda dubban 'yan Arewa suka fafata a cikin rundunoni na 81 da na 82 na Afirka ta Yamma, sun sauya daga kaki mai ruwan ƙasa zuwa kore a can. Har yau idon jama'a yana ɗaure wannan launi da bariki, sannan tun da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 ya ƙara ɗaure shi da kakin masu hidimar, ta yadda saurayin da ya sa wando koren zaitun da farar riga mai gajeren hannu sai a yi ta tambayarsa inda aka tura shi. Wannan ba komai ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne samarin da suke haɗa riga da wando na wannan launi masu manyan aljihuna, su ɗora baƙar hula da baƙin takalmi mai wuya, su hau babur su ratsa shingen bincike. Dokar ƙasa ta hana wanda ba soja ba sanya kayan soja, kuma ko da yake koren yadi zalla ba kayan soja ba ne, a halin da yankinmu yake ciki bai kamata mutum ya bar wa jami'in da ke bakin aiki da dare aikin rarrabewa ba. Ina kira ga teloli su riƙa faɗa wa samari gaskiya a kan haka. Ɗinkin gida, wato kaftani ko 'yar shara da hula mai aiki, yana fitar da launin daga bariki gaba ɗaya, haka ma haɗa shi da ruwan madara ko ruwan hanta a maimakon baƙi. A ɓangaren mata ma, baƙar abaya da mayafi koren zaitun mai duhu suna haɗuwa su yi nauyi a fuska, sai an sa wani abu mai haske a tsakani.

Tun da maganar fuska ta zo, ya kamata a ce wani abu a kan launin fata. A ganina koren zaitun yana cikin launukan da suka fi karɓar baƙar fata da wankan tarwaɗa, domin ɗumin da ke cikinsa yana tafiya da ɗumin fatar. Sai dai mai duhu sosai, idan bikin na dare ne, yakan haɗe da duhun wuri har mai shi ya ɓace a hoto, don haka gara a zaɓi mai ɗan haske ko a ƙara aikin gwal a wuya da hannu. Mace fara kuwa, koren zaitun da rawaya ta yi masa yawa yakan sa fuskarta ta yi kamar ta mai jinya, kuma maganin abin ba wuya, ta sa zanen da rigar yadda take so, amma ɗankwali ko mayafin da ke kusa da fuska ya zama ruwan hanta ko ruwan hoda.

Inda asara ta fi yawa shi ne wurin anko. Uwar biki takan ɗauki hoton leshi ko atamfa a shago, ƙarƙashin farar fitila, ta tura wa dangi da ƙawaye ta WhatsApp ta ce ga launin da aka fitar, kowa ya nemi mayafi da ɗankwali da za su shiga. Waya kuwa ba ta da amana a kan wannan launi, domin wata tana nuna shi kore, wata ruwan ƙasa, wata ma toka-toka, gwargwadon gilashinta da hasken da aka saita mata. Ranar kamu sai a ga mata sun jeru da kore iri-iri, kowace tana ganin nata ne daidai, kuma saboda ƙa'idar nan ta maƙwabtaka, kowane yana ƙara tona bambancin ɗan uwansa. Ga launin ja ko shuɗi ɗan bambanci yakan wuce, amma ga koren zaitun ba ya ɓuya. Shawarata ita ce a yanki ƙyalle kamar faɗin tafin hannu a raba wa kowane gida, kuma a daina cewa a nemo mayafi kalar kayan, a ce kowa ta sa ruwan madara ko ruwan gwal, wanda ko ya ɗan saɓa ba a ganewa. Kuma duk wadda ta shiga Kantin Kwari sayen yadi, kada ta ji kunyar cewa yaron shago ya fito mata da bandir ɗin bakin ƙofa. Ta warware kamar yadi guda a hasken rana, ta ɗora mayafin da take son haɗawa a kai, ta ja da baya taku uku ta duba. Ɗan kasuwar kirki ba ya ƙin wannan, domin shi ma ba ya son a dawo masa da kaya bayan an yanka. Shadda ma sai an lura, musamman Getzner da wadda aka rina a Mali aka buge ta, saboda sheƙinta yana sa ta yi haske a rana ta yi duhu a inuwa, kuma bayan wanki na farko, idan sheƙin ya ragu, ainihin launin ne yake bayyana.

A ɓangaren ɗaki, babbar matsalarmu ita ce kwaikwayon hotunan gidajen Turai da Amurka ba tare da lura da bambancin gini ba. Ɗakunan da ake gani a Instagram da bango huɗu duk koren zaitun suna da tagogi manya, wasu daga ƙasa har sama, kuma mai ɗaukar hoton ya jira lokacin da haske ya fi kyau. Namu ɗakunan tagoginsu ƙanana ne, da ƙarfen tsaro da raga, ga katanga doguwa a kusa, ga labule a sake yawancin yini saboda sutura da zafi. An taɓa kirana jeren wata amarya inda na tarar an riga an shafe bangon falo huɗu da wannan launi, an kawo kujeru irinsa, an shimfiɗa kafet irinsa, kuma ana son in ɗinka labule irinsa, wai don komai ya zama saiti. Da azahar ce, rana tsaka, amma sai da aka kunna fitila kafin a ga inda za a ajiye tebur, kuma kujerun da aka kashe wa kuɗi sun narke cikin bango ba a ko ganin siffarsu. Gwaggon amarya tana tsaye tana cewa ita dai ɗakin ya yi mata kamar ana zaman makoki. Abin da aka yi bai taka kara ya karya ba: mai fenti ya mayar da bango uku ruwan madara ya bar na bayan talabijin, aka ɗinka labule ruwan madara mai ƙaramin baki ruwan hanta, aka naɗe kafet ɗin aka kai ɗakin kwana, aka kawo darduma mai jan fili da tum-tum biyu na fata. Kujerun nan dai su ne, amma sai a lokacin aka ga kyansu.

Wannan sha'awa ta saiti, wato komai ya zama launi ɗaya tun daga labule har zanen gado da kwandon shara, ita ce nake roƙon 'yan uwana 'yan jere mu rage. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma yana son wurin hutawa. Idan kujeru ne masu koren zaitun, bango ya yi haske. Idan bango ne, kujeru su zama ruwan madara ko ruwan ƙasa na fata. Idan tayil ɗin ƙasa fari ne mai sheƙi ko ruwan siminti, kamar yadda aka fi yi a sababbin gidaje, to lallai a shimfiɗa wani abu mai ɗumi a tsakaninsa da kujerun, ko da tabarmar kaba ce mai kyau, wadda launinta na asali yana zama da wannan kore fiye da kafet masu tsada da yawa.

Sai maganar fitila, wadda kusan ba wanda yake kula da ita, alhali yawancin zaman falo da dare ake yin sa. A jikin kwalin ƙwan lantarki na zamani akwai lamba da harafin K a gefenta. Mai lamba 6500 shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi da ya cika kasuwa, wanda kuma irinsa ne a yawancin fitilun caji da na sola, kuma yana janye rawayar koren zaitun ya bar shi toka-toka, ɗakin ya yi sanyin ofis. Mai lamba 2700 yana da ɗumi sosai, har yakan tura launin zuwa ruwan ƙasa. Tsakanin 3000 da 4000 ne na ga launin yana fitowa yadda aka saye shi. Sauya ƙwai biyu ko uku bai kai kuɗin bokitin fenti ɗaya ba, amma sau da yawa mai gida yakan sa a sake fenti alhali laifin na ƙwan ne.

Ga masu fenti kuma ina da roƙo. Tunda yawanci da hannu ake haɗa wannan launi, a haɗa abin da zai ishi ɗakin gaba ɗaya a mazubi ɗaya, domin haɗi na biyu ba ya taɓa fitowa daidai da na farko, kuma a nan ɗigon baƙi ɗaya yana sauya komai. A shafa gwaji kamar faɗin sallaya a bangon da za a yi wa, a bar shi ya bushe, domin fentin ruwa yakan ƙara duhu bayan ya bushe, sannan mai gida ya duba da safe, ya duba da la'asar, ya duba da dare a hasken fitilarsa. Kuma a guji fentin mai mai sheƙi a bangon falo, saboda yana tona duk wani tudu da kwari na filasta, ya kuma sa ɗakin ya yi kama da barandar makaranta. Marar sheƙi shi ne yake fitar da taushin launin.

Duk da waɗannan sharuɗɗa, ina ganin launin ya cancanci karɓuwar da ya samu, kuma ya fi dacewa da ƙasarmu fiye da yawancin launukan da ake yayi. Ƙurar hunturu, wadda take bayyana a kan baƙar kujera da farin labule cikin yini guda, ba ta nunawa sosai a kansa, domin da ma akwai ruwan ƙasa a cikinsa. Gida mai yara ya fi samun sauƙi da shi. Sai dai zafin ranarmu yana cin rini, kuma idan koren zaitun ya koɗe rawaya-rawaya yake komawa, saboda haka labulen da ke fuskantar gabas ko yamma a yi masa shafi da farin yadi ta baya, kayan sawa kuma a juya su a shanya a inuwa.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina da roƙo gare ku. Shafukan ado na jaridu sun fi mayar da hankali ga hotunan waɗanda suka halarci biki, ba a cika jin muryar waɗanda suka yi aikin ba. Zai yi amfani ƙwarai idan wakilanku za su riƙa zama da marina da dukawa da masu ɗinkin hula da masu fenti, su tambaye su yadda suke haɗa launi da dalilin da ya sa, domin da yawa daga cikinsu dattawa ne kuma iliminsu ba a rubuce yake ba. Idan kuma za ku buga hoton kaya ko ɗaki mai koren zaitun, ku taimaka ku rubuta sunayen launukan a ƙarƙashinsa, saboda takardar jarida tana shan tawada, kuma sau da yawa wannan launi yakan fito ruwan ƙasa a bugu, mai karatu ya yanki hoton ya kai wa tela ko mai fenti a yi masa abin da ba shi aka nufa ba.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Wassalam.

Taku,
Wata mai ɗinkin labule da jeren ɗakin amare,
Kano.